Corolla ta faɗi gwajin hayaƙi: kafin ka sayi indomi, duba waɗannan

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina da Corolla ƙirar 2005, 'yar Amurka, shekara tara ke nan tana hannuna. Na kai ta gwajin na'ura don sabunta takardar lafiyar mota, birki da fitilu duk suka wuce, amma aka ce hayaƙinta ya yi yawa, CO da HC sun haura. Ni dai ban ga hayaƙi da idona ba, abin da na sani tana shan mai fiye da da. Bakanikena ya ce sai an saka sabon indomi, wato tulun nan da ke jikin salansa mai tace hayaƙi, wani abokina kuma ya ce in zuba maganin wanke inji a tanki in koma. A Tudun Wada nake. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Riƙe kuɗinka, ka ba ni aron hankalinka, domin maganar da ka yi cewa motar tana shan mai fiye da da ta fi takardar gwajin muhimmanci a wurina.

Na fi shekara ashirin ina kwance inji ina ɗaurawa a garin nan na Kaduna, tun zamanin da 504 ɗin da ake haɗawa a kamfanin Peugeot na Kakuri ta cika titi, har muka shigo zamanin injekta da kwamfuta. Abin da na gani shi ne, yawancin tsofaffin motocin da ke faɗuwa a gwajin hayaƙi ba tsufa ne ya kayar da su ba. Abubuwan da aka cire musu ne, ko aka yi musu dabara a gareji, shekara da shekaru, har mai motar ya manta an taɓa yi. Injin motarka, wanda Toyota ke kira 1ZZ-FE, mai lita 1.8, inji ne mai haƙuri. Idan aka mayar masa da abin da aka raba shi da shi, zai wuce gwaji ba tare da roƙon kowa ba.

Bari in fara da abin da na'urar ta gani wanda idonka bai gani ba. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan kowane kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Idan aka samu haka, man yana ƙonewa tas, abin da ke fita ta salansa kusan duk tururin ruwa ne da iskar CO2 da iskar naitirojin. Idan mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, ƙonewar ba ta kammaluwa, sai a samu CO, ita ce iskar nan da ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari, shi ya sa ba ka ga komai ba. HC kuwa ɗanyen fetur ne da ya shiga inji ya fita bai ƙone ba. To idan CO da HC suka haura tare, kamar yadda takardarka ta nuna, fassarar ita ce injin yana samun mai fiye da ƙima. Da HC ce kaɗai ta hau, CO tana ƙasa, da sai in ce a nemi matsalar a wuta, wato fulogi da kwayil, ko wata ɓaraka da iska ke satar hanya ta shiga. Motar injekta mai lafiya, idan ta yi zafi, CO ɗinta ba ya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, CO2 kuma yana wajen kashi 14 zuwa 15. A Ingila, misali, mota mai indomi ana ɗaga injinta zuwa juyi 2,500 zuwa 3,000 a minti, a nemi CO kada ya wuce kashi 0.2, HC kuma kada ta wuce ppm 200, wato kashi 200 cikin miliyan. Amma tsohuwar mota mai kafireto ana yi mata sassauci har kashi 3.5 ko 4.5, gwargwadon shekararta. Na kawo wannan ne don ka gane ba a auna tsohuwa da ma'aunin sabuwa. Idan ka koma, ka nemi a nuna maka iyakar da aka auna motarka da ita, ka kuma adana takardar farko, domin ita ce za ta nuna mana ko gyara ya ci.

Yanzu ga tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya zo mini da irin wannan: akwai tamostat a motarka? Kuma fankar lagireto, da ka murɗa makulli take tashi, ko sai injin ya yi zafi?

Na san amsar da zan ji daga mutum bakwai cikin waɗanda zan tambaya kafin in kai na takwas, amma ba zan yi maka shaidar abin da ban gani ba, je ka duba. Al'adarmu ce a nan, da mota ta sauka daga Kwatano ko Legas, sai a ce tamostat na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. Wannan magana ta yi wa motocin Arewa ɓarnar da ba ta lissafuwa. Tamostat ba don dusar ƙanƙara aka yi shi ba. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har zafi ya kai wajen digiri 82, sannan ya buɗe ya bar ruwan ya zagaya lagireto. An ƙera injin ne ya yi aiki a wannan zafin ko sama da shi kaɗan. Akwai wata 'yar sansa da ke gaya wa kwamfutar motar, wadda muke ce wa birenbos, zafin ruwan. Muddin ta ce inji da sanyi, kwamfuta za ta ci gaba da ƙara mai, kamar yadda ake jan cok a tsohuwar mota da safe. To ka ɗauka mota ce da ake tuƙa ta da cok a jaye daga Kawo har Zariya, kullum, shekara tara. Ga inda manka yake tafiya, ga kuma inda CO yake fitowa. A lokacin hunturu abin ya fi muni, domin iskar asuba a Disamba da Janairu tana bugun lagireton da babu mai tsare shi, allurar zafi ko motsi ba ta yi.

Wata Corolla irin taka ta taɓa shigo mini, mai ita ma'aikaci ne, ya riga ya yi cinikin indomi, ya biyo ne kawai in ɗaura masa. Na ce ya tayar. Da murɗa makulli fanka ta kama ihu. Na sa yaro ya kwance fulogi, duk huɗun suka fito baƙi ƙirin, busasshen baƙi irin na gindin tukunya, ka shafa da yatsa ya biyo ka. Na zaro sandar bakin mai na shinshina, warin fetur ne. Muka kwance gidan tamostat, wayam, sai tsatsa. Muka saka tamostat, rewaya ya mayar da fanka kan layinta, aka canza fulogi da bakin mai, aka wanke sansar iska. Indomin da ke jikinta bai mutu ba, shaƙewa ya yi. Bayan kwana uku yana hawa titi da ita ya koma gwaji ta wuce, kuɗin indomin kuma ya koma aljihunsa.

Za a ce maka idan ka mayar da tamostat mota za ta yi zafi. Idan ta yi, to akwai ciwon da aka ɓoye ne da cire shi: lagireto ya toshe da laka saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa ya cinye, ko fankar ba ta tashi a kan lokaci. A gyara wannan. A wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, mai launi, a sayi murfi mai kyau. Kuma a tsaya a ga fankar ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta kafin ka bar garejin.

Abu na biyu, fitilar cek injin. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, kada ka tayar. Dole ka ga hoton injin nan ruwan ɗorawa ya kama, sannan ya mutu bayan mota ta tashi. Idan bai kama ba sam, wani ya cire ƙwan ko ya liƙe shi da baƙin salatif, kuma ana yin haka sosai kafin a sayar da mota. Ko ta kama ko ba ta kama ba, a sa wa motar kwamfuta. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin soka na'urar a ƙarƙashin sitiyari, taka ma tana da shi. Masu wannan aiki suna nan a Kurmin Mashi da sauran garejin gari, amma ka nemi wanda zai karanta maka abin da ke gudana a injin yana aiki, ba wanda zai goge lambobi ya karɓi kuɗi ba. Ka ce ya rubuta maka lambobin a takarda. P0172 tana nufin mai ya yi yawa. P0171 mai ya yi kaɗan, kuma a wannan Corolla yawanci dattin sansar iska ne ko gaskit ɗin bututun shigar iska ya saki. P0300 zuwa P0304 inji na tsallake wuta, daga P0301 zuwa P0304 lambar ƙarshe tana nuna silindar. P0128 zafin ruwa bai kai inda ake so ba, wato maganar tamostat. P0420 kuwa ita ce ta indomi, kuma ita ce ake saurin yanke hukunci da ita alhali sau da yawa ita ce ta ƙarshe a layin ciwo. Ka ce kuma ya nuna maka zafin ruwa bayan mota ta yi minti ashirin tana aiki, da adadin da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan mai. Idan adadin ya wuce kashi goma sama ko ƙasa, akwai abin nema.

Sai iska. Ƙurar Kaduna ba ta bar kowa ba, balle wanda ke bin unguwannin da babu kwalta. Buɗe gidan iyakilina, wato matatar iska, ka ɗaga matatar ga rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Busa ta da iskar mai faci yana fasa takardar ne, ƙura ta samu hanya kai tsaye. Bayan matatar akwai sansar da ke auna iskar da ke shiga, kusoshi biyu ne ke riƙe da ita, a cikinta akwai wasu siraran wayoyi. Ƙura na manne musu, sai lissafin ya rikice. Ana wanke ta da feshin da aka yi dominta, a bar ta ta bushe. Kada a taɓa wayoyin da sukundireba ko tsumma, kada kuma a tsoma ta a fetur.

Fulogi, ka sayi na iridiyam, lambar Denso SK16R11 ita ce ta injinka. Amma jabu ya cika kasuwa, kwalinsa har ya fi na gaske sheƙi. Idan aka faɗa maka kuɗi ka ji ya yi araha ƙwarai, bar shi. Gara ka je wurin mai kayan da ka sani a Oriapata, wanda idan abu ya ba da matsala za ka iya komawa ka same shi. A gwada kwayil huɗun ɗaya bayan ɗaya. Nozul kuma, masu fesa wa inji mai, a cire a gwada su a na'ura, a ga feshinsu, a ga ko akwai mai ɗiga bayan an kashe. Nozul ɗaya mai ɗiga ya isa ya kayar da mota a gwaji.

Akwai sansa biyu a jikin salansa, ɗaya kafin indomi, ɗaya bayansa. Ta gaban ita ce hancin kwamfuta, ita ke shinshina hayaƙi ta ce a ƙara mai ko a rage. Tana tsufa, ta yi nauyin amsawa, kuma a motar da ta shekara ashirin ba abin mamaki ba ne a ce ta gaji. Na sha ganin an yanke wayarta an naɗe. A duba tana nan, a duba tana aiki. A kuma bi salansar tun daga inji har wutsiya a nemi huji, domin huji kafin sansar yana jawo iska daga waje, sansa ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara, alhali ƙarya ne.

A nan zan ɗan tsaya, domin maganar hujin salansa ta wuce maganar takarda. Wani bawan Allah ya taɓa ce mini duk lokacin da ya ɗauki iyalinsa zuwa Kano, kafin su kai Kwanar Dangora yaran da ke baya sun fara ciwon kai da amai, ana cewa jirin mota ne. Da muka ɗaga motar, salansar ta tsage daidai ƙarƙashin kujerar baya, ga kuma robar but ta mutu. Gilashi a rufe, na'urar sanyi a kunne, yara suna shaƙar CO awa uku. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Shi ya sa ba na jin daɗi idan mutum ya ce mini a nemo masa hanyar da zai karɓi takarda ba tare da an gyara ba. Hukumar NESREA, mai kula da dokokin kare muhalli a ƙasar nan, tana da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da na gas tun 2011, amma ko babu doka, hayaƙin nan mai shayin bakin titi da ɗan sandan da ke ba da hannu da 'ya'yanka ne ke shaƙarsa.

To, mu zo kan indomin. Sunan da muka ba shi ke nan saboda cikinsa ya yi kama da taliyar, amma abin da ke ciki wani farin dutse ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam. Su ne ke ƙarasa ƙona CO da HC kafin su fita. Ba ya fara aiki sai ya yi zafin wajen digiri 250 zuwa 300. Tsadar ƙarafan nan ce ta sa ake sace shi, a waje da cikin gareji. Don haka kafin a ce ya mutu, a fara tabbatarwa yana nan. Shiga ƙarƙashin motar da kanka idan ta huce. Ka nemi alamar walda a cikin tulun, wadda ba ta kamfani ba. Ka buga shi da dunƙulen hannu: idan ya yi ƙara kamar gwangwanin da babu komai, an kwashe, idan ka ji kacau-kacau, dutsen ya farfashe. Idan yana nan daram, mai kwamfuta ya kalli sansar baya. Indomi mai rai yana sa karatunta ya zauna kusan wuri ɗaya, mataccen kuwa sai ka ga tana hawa tana sauka.

Abin da ya sa na ce kada ka fara da shi: indomi ba ya cika mutuwa don kansa, kashe shi ake yi. Ɗanyen fetur da ke isa gare shi yana kamawa da wuta a ciki har dutsen ya narke. Bakin mai da ruwan lagireto kuma suna rufe fuskarsa. Idan ka ɗaura sabo a kan injin da ke ambaliyar mai, wata nawa ne zai bi na farkon, ka yi asara biyu. A gyara inji tukuna, a hau titi, a sake aunawa. Idan har lokacin lambobin ba su sauka ba, ko kuma aka tarar an kwashe shi, sai a saya. Na Beljiyam da aka ciro daga irin motarka, wanda ka leƙa da tocila ka ga ramukansa a buɗe ba su narke ba, ya fi sabon mai arha da ba a san abin da aka shafa masa ba. Ka tsaya a ɗaura a gabanka, tsohon kuma naka ne, yana da kuɗi, kada ka bar shi a gareji. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗaura wa sansar baya don fitila ta mutu. Kwamfutar mota yake ruɗa, bututun da za a soka a salansarka ba ruwansa da shi.

Maganin zubawa a tanki da abokinka ya faɗa, mai kyau daga cikinsu yana ɗan wanke nozul idan dattin bai yi nisa ba. Iyakarsa ke nan. Ba zai dawo da tamostat ba, ba zai tayar da matacciyar sansa ba. Kada kuma ka yarda a zuba maka kalanzir ko tina ko wani haɗi. Man 'yan bumburutu ma ka ƙaurace masa a wannan lokacin, ka sha a gidan man da ka amince da shi.

Ka ce ba ka ganin hayaƙi, wannan albishir ne. Amma ka sa wani ya tsaya a baya da safe ka tayar, sannan ka taka totur. Shuɗin hayaƙi bakin mai ne ke ƙonewa: idan da safe ne kawai ya ɗauke, robobin bawul ne, idan duk lokacin da ka taka ne, ringi ne, sai a auna ƙarfin matsin silinda kafin a yi maganar sauke inji. A duba ɗan bawul ɗin numfashin inji da ke kan murfin sama, PCV, abu ne mai arha da ke sa mota shan bakin mai idan ya toshe. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwa na raguwa, gaskit ɗin kai ne. Bakin man da Toyota ta rubuta wa injin nan 5W-30 ne. Ana yawan zuba masa 20W-50 don a rufe hayaƙi, amma kaurinsa yana wahalar da na'urar VVT-i, mai daidaita lokacin buɗe bawul, da ke aiki da matsin mai.

Masu tsofaffin 504 da 505 da sauran masu kafireto da ke karanta wannan, naku ya fi sauƙi: sabuwar matatar iska, fulogi, a daidaita lokacin wuta, a tabbata cok yana komawa, fulot ba ya ambaliya, sannan a daidaita sukurun mai a silo da na'urar auna hayaƙi a jiki, ba da kunne kaɗai ba. Masu gas kuma kaurin baƙin hayaƙi ake aunawa, can nozul da matatar iska da famfon mai ne abin dubawa.

Idan an gama gyara, a canza bakin mai da matatarsa, domin tsohon ya sha fetur kuma tururinsa yana komawa inji. Kada ka wuce wurin gwaji daga gareji, musamman idan an cire kan batir ko an goge lambobi, domin kwamfuta tana buƙatar kwana biyu ko uku ana tuƙi, cikin gari da kan titi, kafin ta sake koyon lissafinta. Ranar da za ka koma, ka fara hawa hanyar Zariya, ka kai Mararrabar Jos ka juyo, tafiya mai ɗan sauri ba tsayawa, yadda inji da indomi za su yi zafi sosai. Idan ka tarar da layi, kada ka kashe motar ta huce, ka tsaya a fili inda iska ke kaɗawa. Lokacin aunawa a kashe na'urar sanyi da fitilu.

Ka fara da leƙa tamostat da fanka gobe da safe, wannan ko sisi ba zai ci ba. Sannan ka turo mini lambobin CO da HC da ke kan takardar, da na O2, wato iskar oksijin, idan an rubuta, da abin da kwamfuta ta karanto, in gaya maka wanne za a fara saya. Allah ya sa a dace.